Yadda Za Ka Shirya Dokinka Don Sukuwa, Ya Shiga Fili Lafiya Ya Fito Lafiya

Duk sanda aka fara maganar gasar sukuwa, a filin sukuwa na Kano ne, ko na Yamai, ko a filin idin wani gari bayan sallah, tambayoyin da masu karatu ke aikowa kusan iri ɗaya ne: me ake ba doki ya ƙara gudu, wace allura ce ta fi aiki, mako nawa ake yi ana kilisa kafin a shiga fili. Mai neman sunan allura ba zai ji daɗin amsata ba. Dokin da ya faɗi ana tsakiyar gudu, ko ya yanke jiki bayan an sauka daga kansa, galibi ba a ranar ciwonsa ya fara ba. Ya fara ne makonni kafin nan a barga, aka gani aka kawar da kai, ko aka danne shi da magani. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1990 ake binciken gawar duk dokin da ya mutu a filayen sukuwarsu, kuma abin da likitocin suka yi ta gani shi ne mafi yawan karayar da ke kashe doki tana aukuwa ne daidai inda ƙashin ya riga ya fara lalacewa. Don haka aikin yana farawa tun daga turke.

1. Tanadi kayan aiki, ka yi lissafin aljihunka

Kana buƙatar ma'aunin zafin jiki irin na kyamis, agogo mai nuna daƙiƙa ko wayarka, ƙugiyar share kofato, bokiti huɗu ko biyar, soso babba, bandeji da auduga, gishiri, da littafin rubutu. Duk waɗannan ba su ne masu cin kuɗi ba. Abin da ke cinye kuɗi shi ne abinci, sai haƙƙin yaron barga, sai likita da kuɗin mota. Sayi harawa da ciyawa da kaka lokacin da suke araha, ka ajiye a inda ruwa ba ya taɓawa. Ka ware kuɗin likita daban tun farko, ka kuma samu lambar likitan dabbobi da ya saba da dawaki. Asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna duba dawaki.

Gargaɗi: kada ka ɗaura ladan mahayi a kan cin gasa kaɗai. Yaron da ya san ba zai samu ko sisi ba sai ya zo na ɗaya, ba zai ja linzami ba ko da ya ji dokin yana ɗingishi a ƙarƙashinsa. Ba shi ladan hawansa, kyautar nasara ta zo a bisa.

2. Duba shekarunsa

Buɗe bakinsa. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa bibbiyu sama da ƙasa: na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Duƙushin da har yanzu haƙoran nono ne jere a bakinsa bai isa gasa ba, komai tsayinsa da kyan ƙirarsa, don ƙasusuwan bayansa ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara 5 zuwa 6. Ana iya fara saba masa da ragama da sirdi da hawa mai sauƙi kafin nan. Ɗora masa ƙato a tura shi gudun fanfalaƙi shi ne abin gudu. Nauyin mahayi haɗe da sirdi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin, kuma ga sukuwa gara ya yi ƙasa da haka sosai.

3. San alƙaluman lafiyarsa

Ba za ka gane doki ba shi da lafiya ba sai ka san yadda yake in yana lafiya. Kwana bakwai a jere, da sassafe kafin a ba shi hatsi, auna abu uku ka rubuta:

Zafin jiki, ta dubura: digiri 37.5 zuwa 38.5. Tsaya daga gefe, jikinka manne da cinyarsa, ba a bayansa ba.
Bugun zuciya: 28 zuwa 44 a minti. Za ka ji shi da yatsa a jijiyar da ta ratsa ƙarƙashin muƙamuƙi. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4.
Numfashi: 8 zuwa 16 a minti, kana kallon haƙarƙari.

Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa. Wurin zai yi fari, ya kamata jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. A wannan makon ne kuma likita zai ba shi maganin tsutsa, ya duba haƙoran ciki masu kaifi da ke yanka kumatu, ya yi masa rigakafin sarƙe-haƙora, cutar da ke shiga ta ƙaramin rauni ta kashe doki. Tambaye shi kuma game da cutar dawakin Afirka da ƙananan ƙudajen cizo ke yaɗawa da almuru, musamman da damina.

4. Abinci, ruwa da gishiri

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne cika doki da gero da dawa a rage masa ciyawa, wai don cikinsa ya ɗame. Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya daina fitar da ruwan tsami dare da rana. In ya daɗe babu abin tauna, tsamin nan yana cin bangon cikin. Shi ya sa a ƙasashen da aka leƙa cikin dawakin sukuwa da na'ura, mafi yawansu an same su da gyambon ciki.

Dokin da ya kai kilo 400 yana buƙatar kilo 6 zuwa 8 na ciyawa da harawa a rana. Hatsi da dusa ƙari ne a kai, a raba su sau uku ko huɗu, kuma kada ciyarwa ɗaya ta wuce kilo 2. In za ka canja abinci, yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Harawar da ta yi funfuna ko take wari, zubar da ita.

Ruwa kuwa ya zauna a gabansa kullum. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana ko ba ya aiki, da bazara kuma ya wuce haka nesa. Cikin aiki mai tsanani a zafi yana iya zubar da gumin lita 10 zuwa 15 a awa guda. Zuba masa gishiri babban cokali biyu zuwa uku a abinci kullum. Kanwa da muka gada ba ta maye gurbin gishiri, kuma in ta yi yawa tana sa zawo.

5. Kilisa daki-daki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya daɗe a turke yana buƙatar aƙalla wata uku. Dalili shi ne zuciya da tsoka suna saurin ƙarfi, ƙashi da jijiya kuwa suna jan ƙafa. A mako na huɗu za ka ga doki yana zumuɗi, yana cin linzami, kai ka ce ya shirya. Numfashinsa ne ya shirya, ƙafafunsa da saura.

Mako uku zuwa huɗu na farko, tafiya kawai, daga minti 20 har zuwa awa guda. Mako huɗu na biye, a sa sassarfa, ana ƙara ta kaɗan-kaɗan. Daga nan gudu matsakaici. Sai a makonnin ƙarshe a fara sakin sa da cikakken gudu, gajeren zango, kuma kada ya wuce sau biyu a mako. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya, zaɓi guda. Kwana ɗaya a mako hutu ne, amma hutun ba yana nufin a bar shi ɗaure wuni guda ba, a zaga da shi da ragama.

Gargaɗi: kwalta da busasshiyar ƙasar rani mai tauri ba wurin gudu ba ne. Yashi mai zurfi kuma yana jan jijiya. Da bazara, a yi kilisa bayan asuba. Da hunturu, a yayyafa wa ciyawa ruwa saboda ƙura, kuma doki mai tari ba ya gudu.

6. Shafa ƙafafunsa kowace safiya

In za ka ɗauki mataki ɗaya tak daga wannan rubutu, to wannan ne. Kafin a fitar da shi, durƙusa ka bi kowace ƙafa da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato. Kana neman zafi, kumburi, da wurin da zai janye in ka matsa. Gwada hagu da dama, don bambancin ne ke tona asiri. Jijiyar bayan ƙafa ya kamata ta zama miƙaƙƙiya, sanyi, mai tauri. In ta yi taushi ko ta fara turowa waje, tsayar da aiki a ranar. Sannan ɗaga kofato ka share shi, ka duba tsakuwa, ƙusa, tsagewa ko wari. A gyara kofato duk mako 6 ko kusa da haka, kuma ba a satin gasa ba.

Daga nan sa yaro ya ja shi da sassarfa a shimfiɗaɗɗen wuri, ya tafi ya dawo, igiyar a sake. In ciwon a ƙafar gaba yake, kan dokin zai ɗaga sama duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa. In a ta baya yake, za ka ga ƙugu ɗaya yana hawa da sauka fiye da ɗayan.

A nan ne ake shigo da allura, kuma a nan ne ake kashe dawaki. Fenilbutazon, fulunizin da deksa (deksametason) magungunan rage ciwo da kumburi ne na gaske da likita ke amfani da su ga doki mai jinya yana hutawa. Amma in aka yi wa doki mai ɗingishi da daddare don ya yi gudu gobe, ciwon bai tafi ko'ina ba, jin sa ne aka ɗauke. Zafin nan shi ne ke sa doki ya lallaɓa ƙafarsa. Da an cire shi, sai ya saki duk nauyinsa a kan ƙashin da ya fara tsagewa. Ban da haka, fenilbutazon yana cin ciki da ƙoda, balle ga dokin da ya yi gumi bai sha ruwa ba, kuma in allurarsa ta kauce wa jijiyar jini tana ruɓar da nama. Fulunizin a tsoka kan jawo mugun kumburi mai kisa. Tiramol da sauran ƙwayoyin mutane kuwa, kada su kusanci barga. Haka lalas da ƙarfe mai zafi a kan jijiyar da ta kumbura, ƙuna kawai yake ƙarawa. Maganin jijiya ruwan sanyi ne na minti 20 sau biyu ko uku a rana a kwanakin farko, da hutu na watanni.

Masu kuɗin duniya ma sun sha wannan darasi da tsada. A filin Santa Anita na Kalifoniya dawaki 30 suka mutu tsakanin ƙarshen Disamban 2018 da Yunin 2019, abin da ya taimaka aka kafa dokar tarayya ta 2020 kan magunguna da lafiyar dawakin sukuwa a Amurka. A 2023 kuma dawaki 12 suka mutu a filin Churchill Downs na jihar Kentaki cikin 'yan makonni, har aka ɗauke sauran gasar zuwa wani fili. Waɗannan wurare ne masu likitoci da na'urorin hoton ƙashi. Kai da ba ka da su, hannunka da idonka ne na'urarka.

7. Sirdi, linzami, ƙaimi da bulala

Ɗora sirdi ba tare da shimfiɗa ba ka duba: yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakaninsa da tudun kafaɗa, kuma kada ya taɓa ƙashin baya ko'ina. Farin gashi a wurin zaman sirdi tabon tsohon miki ne. Doki mai ɗanyen miki a baya ba a hawansa, ko an tara masa tsumma goma. A ja majayi a hankali, sau biyu ko uku, ba fizga ɗaya ba.

Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi ƙwarai. A hannun gwani yana tsayar da doki da ɗan taɓi, a hannun yaro mai zafin kai yana tsaga harshe. Kumfa mai jini a baki ba alamar jarumta ba ce, rauni ne. Ga sukuwa, linzami mai sauƙi mai gaɓa a tsakiya ya wadatar in an horar da doki da shi. Ƙaimi mai tsini a bar shi a gida.

Bulala fa? A Birtaniya, tun 2023 mahayi ba ya wuce duka 6 a gudun fili, 7 a na tsallake, da bulala mai laushin kai, kuma wanda ya zarce da huɗu ana iya ƙwace nasarar dokinsa. Wani bincike na Jami'ar Sidni a 2011 ya nuna dawaki sun fi sauri a zangon da ba a dukansu, yawan dukan yana zuwa ne a ƙarshe lokacin da suka riga sun gaji. A ganina dokin da aka horar da kyau ba ya buƙatarta sai don gyara hanya. Gaya wa mahayinka tun a gida: ba duka a kai, ba a ciki, ba a dukan dokin da ƙarfinsa ya ƙare. Shi ma ka saya masa hular kwano.

8. Tafiya da duba fili

In da mota za a kai shi, a zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan motar don santsi. Kada a ɗaure kansa sama, ya samu damar sunkuyawa, in ba haka ba majina da ƙura na taruwa a huhu su zama zazzaɓi. A tsaya duk awa 4 a ba shi ruwa. Tafiya mai nisa, a isa kwana ɗaya ko biyu kafin gasa. Je da bokitinka, kada ya sha a kwamin taro.

Sannan ka taka filin da ƙafarka tun daga farko har ƙarshe. Ramin gafiya, dutse, fasasshiyar kwalba, kwana mai santsi, da wurin da 'yan kallo da masu babur ke kutsowa. In ka ga matsala, tara sauran masu dawaki ku je wa masu shirya gasa tare. Ku tambaye su kuma ko akwai likita da tankin ruwa a wurin tsayawa.

9. Safiyar gasa: a shiga ko a janye

Maimaita mataki na 3 da na 6. Janye shi in zafin jikinsa ya wuce 38.5, in ya bar abincinsa, in yana tari ko majina, in ƙafa ta yi zafi ko kumburi, ko ka ga ɗingishi komai ƙanƙantarsa. Za a yi maka surutu, wani ya ce tsoro ka ji. Kuɗin rajista da ka yi asara bai kai kuɗin doki ba.

In lafiya lau, hatsin ƙarshe ya kasance aƙalla awa 4 kafin gudu, da 'yar ciyawa kaɗan a tsakani. Kada a hana shi ruwa tun safe, wannan tsohuwar al'ada ce mai cutarwa. A ɗumama jikinsa da tafiya da sassarfa na minti 15 zuwa 20, sauran jiran a inuwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, gudu kafin la'asar sakaliya ganganci ne. Kuma doki ɗaya, gudu ɗaya a rana.

10. Rabin awa na farko bayan gudu

Nan ne ake sakaci, don kowa ya tafi murna ko gardama, an bar doki da yaro. Kada mahayi ya tsayar da shi cak, ya sauko da shi daga gudu zuwa sassarfa zuwa tafiya. Kai shi inuwa, kwance sirdi, fara zuba ruwa. Ba yayyafi ba, bokiti bayan bokiti, a wuya, kafaɗa, baya, cinyoyi da tsakanin ƙafafu. A zaga da shi kaɗan, a sake zubawa. Ruwan ya yi sanyi iyakar abin da ka samu, har da ƙanƙara in akwai. Maganar cewa ruwan sanyi na sandarar da doki mai zafi ba ta da tushe. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zafin yake riƙewa. Ba shi ruwa ya sha, rabin bokiti, a ɗan zaga, a ƙara.

Auna bugun zuciya bayan minti 15, sannan bayan 30. Ya kamata ya sauko zuwa 60 ko ƙasa. In ya tsaya sama, ko zafin jiki ya haura 40 ya ƙi sauka, ko doki yana tangaɗi, yana harbin iska, idonsa ya yi wani iri, ko gumi ya ɗauke alhali jikinsa zafi rau, to zafi ya buge shi. Ci gaba da zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, wani ya kira likita.

In ka ga haɓo, musamman ta hanci biyu, galibi daga huhu jinin yake. A Ostireliya, dokin da ya yi haka ana dakatar da shi daga gasa wata 3, in ya sake kuma an sallame shi har abada. Kai ma ka ɗauki abin da wannan nauyin. Hatsi sai bayan awa biyu, ciyawa kuwa da zarar hakinsa ya lafa.

11. In ya ji rauni a fili

Mahayi ya sauka nan take. A riƙe kan dokin, a kori taro. Jini, a danna da tsumma mai tsabta a ɗaure. In ya ƙi taka ƙafa sam, kada a tilasta masa tafiya, a naɗe ƙafar da auduga mai kauri, a kafa mata katako a ɗaure, a kawo mota inda yake. Karayar da ƙashi ya fasa fata ko ƙafa take lilo, da wuya ta warke, domin doki ba ya iya doguwar kwanciya, kuma ƙafar da ta ɗauki nauyin takan lalace ita ma. Barbaro, wani dokin Amurka da ya ci babbar gasar Kentaki a 2006, ya karye bayan mako biyu, aka yi ta yi masa aiki wata takwas, daga ƙarshe a Janairun 2007 ciwon kofato ya sa dole aka kashe shi don a hutar da shi. In likita ya ce babu mafita, kada a bar dabba tana kwana tana wuni cikin azaba don an kasa yanke shawara.

12. Hutu, da ranar da zai bar fili

Washegari ka sake shafa ƙafafu, don kumburin jijiya yakan fito ne bayan kwana ɗaya ko biyu. Kwana uku na tafiya kawai, kuma a bar aƙalla mako biyu zuwa uku kafin wata gasa.

Doki na iya rayuwa shekara 25 zuwa 30, shekarun sukuwarsa kuwa kaɗan ne daga ciki. Wanda jijiyarsa ta taɓu sau biyu, ko yake yawan haɓo, ko ya fara ƙin shiga fili, lokacinsa ya yi. Zai iya hawan sallah, ko kilisar yamma, ko a bar shi don iri. In sayarwa za ka yi, faɗa wa mai saye aibinsa gaba da gaba a gaban shaidu, don kada ya mayar da shi gudu. Ka kuma san hannun da kake miƙa wa ragama: gurgun dokin da ya shiga kasuwa ta hannun dillalai sau da yawa motar kudu yake hawa, zuwa mayankar dawaki irin ta Obollo-Afor a jihar Inugu. In ba ka son haka ga naka, nemi mai saye da ka san gidansa, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa in zai rabu da shi kai zai fara tuntuɓa.